Waliyyi a Mataki na Shida

Ba zan taɓa mantawa ba, ko na so in manta ma dangi ba za su bar ni ba, da yammacin da aka zo ɗaura auren ƙanwata Rahma. Ni ne waliyyinta, kuma ni ne na kusa rusa auren da hannuna, saboda wani wasan waya da ake gina hasumiyoyi a bakin hanya don tare dodanni. Shekaruna talatin da huɗu a lokacin, da gemuna, da ɗan tumbina.

Ina aiki a teburin karɓar baƙi na wani ƙaramin otal a nan Makka. Idan aikin hajji ya wuce alhazai suka watse, kafin masu umra su fara cikowa, akwai wasu makonni da mutum zai wuni ba abin da yake yi sai kallon ƙofar gilashi. A irin waɗannan ranakun ne abokin aikina Abakar, wani dogo mai yawan dariya wanda iyayensa suka zo ta Sudan, ya karɓi wayata ya saka min wasan, wai don in daina hamma a gaban jama'a.

Wasan ba shi da wuyar fahimta. Akwai hanya mai lanƙwashe-lanƙwashe, a ƙarshenta ƙofar birninka. Dodanni suna fitowa daga ɗaya ɓangaren zubi bayan zubi, kai kuma ka gina hasumiyoyi a gefen hanya su yi ta harbinsu. Duk dodon da ya tsira ya shige ƙofa, an rage maka zuciya ɗaya cikin ashirin. Zukata suka ƙare, birni ya faɗi, a busa maka wani ƙaho mai ban haushi. Shi ke nan fa. Na ce wa Abakar wannan ai wasan 'yan firamare ne, kafin azahar zan gama shi.

Kwana biyu na yi a mataki na biyu.

Abin da nake yi shi ne, da an fara sai in kwashe duk abin da aka ba ni in gina igwa guda ɗaya, mafi girma da tsada, in dasa ta a bakin ƙofar birni, in koma in harɗe hannu. (Haka nake a rayuwa ma, ina son abu ɗaya babba wanda zai sa in daina tunani.) Igwar kuwa sai ta yi harbi ɗaya ta tsaya tana nishi, kafin ta sake ɗurawa ƙananan dodanni goma sun wuce ta gefenta suna tsalle. Abakar ya leƙo ta kafaɗata ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Ya zol, mutumina, kai fa ba ka da lafiya," ya ce. "Wa yake tsaron gida daga bakin gado? Tare su tun daga nesa. Nemi kwana, inda hanya ta lanƙwashe, ka sa maharba biyu masu araha a cikin gwiwar. Suna harbinsu suna zuwa, suna harbinsu suna tafiya."

Na gwada, abin ya yi aiki kamar sihiri. Daga nan na zama ɗalibinsa. Ya koya min kada in cika fili da hasumiyoyi barkatai, gara in ɗauki biyun nan na kwana in yi ta ƙara musu ƙarfi. Ya nuna min wata hasumiyar ƙanƙara wadda ba ta kashe kowa, ni da na raina ta, ashe ita ce uwar tafiya, domin tana daskarar da ƙafafun dodanni su riƙa jan jiki daidai inda maharba suke. Igwar da nake ƙauna ma ta samu gurbinta, amma sai zubi na huɗu, lokacin da masu sulke suke fitowa a dunƙule. Ya kuma ce kullum in bar ɗan abin da zan gina hasumiya ɗaya ta gaggawa da shi, don wasan yana da mugunta, sai ka saki jiki yake turo abin da ba ka shirya masa ba. Da wannan na haye na uku, na huɗu da na biyar cikin yini guda, har na fara tafiya a otal ina jin kaina wani sarkin yaƙi.

Sai na iso mataki na shida. A nan hanya ta rabu biyu, kuma a zubi na bakwai wasu masu fuka-fuki suke tasowa, waɗanda ba ruwansu da hanya balle kwana, igwa kuma ba ta iya ɗaga kai ta harbe su. Kwana tara ina faɗuwa. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne talla. Kowace faɗuwa sai an sa ni kallon tallar wani wasan kafin in sake, wani lokaci kuma ana tsakiyar zubi kira zai shigo ya rufe fuskar wayar, kafin in kashe shi an cinye min zukata biyar.

"Wannan ai mai sauƙi ne," in ji Abakar. "Kafin ka fara, danna ɗan jirgin saman nan da ke rufe layi. Ba talla, ba kira, ba saƙo. Kai da dodanninka kawai."

A cikin duk abin da ya koya min, wannan ne na riƙe da kyau.

To, a ajiye wasa a gefe, ga abin da yake faruwa a gida a waɗannan watannin. Mahaifinmu, wanda muke kira Abuya, ya rasu shekara biyu kafin nan. Mu biyu ya bari, ni da Rahma, sai mahaifiyarmu Ummi, a gidanmu na unguwar Utaibiyya inda aka haife mu. Da Faisal ya aiko neman auren Rahma, maganar ta faɗo kaina. Faisal yaron kirki ne, ma'aikacin jinya, iyayensa Hausawan unguwar Shisha ne da kowa ya san su. Rahma tana so, Ummi tana so. Ni kaɗai na ce sai na yi bincike.

Wata uku ina binciken nan, kuma gaskiyar magana ban binciki komai ba. Tsoro nake ji. Duk lokacin da na buɗe baki zan ce na amince, sai in tuna cewa Abuya ne ya kamata ya faɗi wannan kalma, kuma in abin ya lalace nan gaba ni za a nuna. Maimakon in faɗa wa wani haka, sai na riƙa ɗaure fuska ina cewa "ana dubawa." Har wata rana wata gwaggonmu ta matsa min, na ce mata, "Ni fa ba na gaggawar ba da Rahma, in ban ga dama ba ba wanda zai sa ni." Don in rufe mata baki kawai na faɗa. Kafin sati ya zagayo maganar ta hau tasi ta sauka a Shisha. Daga baya dai na amince, aka sa rana, amma dangin Faisal sun riga sun sa min ido, musamman ƙanin babansa, Ammi Haruna, mutum mai saurin fushi da babbar murya.

Ranar milka, wato ɗaurin auren, an shirya za a yi bayan la'asar a gidanmu. Maza a majalisar ƙasa, mata a sama. Na haddace kalmomin da waliyyi yake faɗa da Larabci, na maimaita su a banɗaki, na maimaita a mota, amma duk lokacin da na hango kaina a gaban dattawa sai su ɓace min. Ummi ta fito min da mishlahin Abuya, alkyabbar nan mai bakin zare ruwan zinare, ta ɗora min a kafaɗa da hannunta. Ta yi min tsawo kaɗan. Ummi ta gyara wuyan, ta juya da sauri ta hau sama.

Baƙi suka cika majalisa, aka zaga da gahawa da dabino, aka zaga da turaren wuta. Ma'azun, malamin da hukuma ta ba izinin ɗaura aure, shi ne bai iso ba. Ya bugo ya ce yana ta zagaye lungunanmu bai samu inda zai ajiye mota ba (wanda ya san Utaibiyya ba zai zarge shi ba). Minti goma, minti ashirin. Ina zaune kusa da mahaifin ango, Ammi Idris, dattijo mai shiru-shiru wanda in ya kalle ka sai ka fara tuno laifuffukanka. Ammi Haruna yana ɗaya gefen yana kaɗa carbi yana kallona. Zufa ta fara bin bayana a ƙarƙashin alkyabba, ban ankara ba gahawa ta ɗiga min a farar riga.

Na ce bari in duba ko an kawo ruwa, na fice na shige ɗan ɗakin ajiya da ke ƙarƙashin bene, inda muke tara barguna da tukwanen biki. Niyyata in sake maimaita kalmomin. Na ciro waya don in duba rubutun, sai idona ya faɗa kan wasan. Na ce zagaye ɗaya kawai, don hankalina ya kwanta. Na danna ɗan jirgi, na zauna a kan buhun shinkafa da alkyabbar mahaifina, na fara.

Kuma wallahi ban taɓa buga shi da kyau kamar ranar ba. Na sa maharba biyu a kwanar da ke gaban inda hanya ta rabu, don in tare su kafin su kasu. Na dasa ƙanƙara a bayansu. Na haƙura da igwa, na ajiye abin da zan gina maharba na uku daidai layin da masu fuka-fuki suke bi. Zubi na biyar ya wuce ban rasa zuciya ko ɗaya ba. Na shida ya wuce. Na bakwai ya fara, ga su nan sun taso, maharbana suna kakkaɓo su ɗaya bayan ɗaya, sai na ji muryar Kawu Sani, yayan Ummi, a bakin ƙofa.

"Kai! Ina waliyyin? Shehi ya iso, kowa kai yake jira!"

Na danna maɓallin gefe fuskar wayar ta mutu, na jefa ta aljihu, na fito ina gyara alkyabba kamar wanda ya fito daga nafila.

Ma'azun ɗin mutum ne mai fara'a amma a gaggauce yake, don ya ce yana da wani ɗaurin auren bayan magariba a can wata unguwa. Ya yi huɗuba, ya sa na kama hannun Faisal, na faɗi kalmomin nan tiryan-tiryan ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Faisal ya ce ya karɓa. Aka fara "mabruk, mabruk," wani ya leƙa ya sanar da mata, muka ji guɗa ta ɓarke a sama. Na sauke wata doguwar ajiyar zuciya, har ina ce wa kaina ashe abin ba wuya.

Sai ma'azun ya buɗe na'urarsa ya ce, "Saura tabbatarwa." Yanzu a nan ba a rubuta aure a babban littafi kamar da. A na'ura ake shigar da shi, sai a turo wa kowa wata lamba ta saƙo a wayarsa, ango da amarya da shaidu da waliyyi, kowa ya karanto tasa, sannan aure ya shiga rajista. Wayar Faisal ta yi ƙara, ya karanta. Shaidu biyu suka karanta nasu. Kawu Sani ya hau da ma'azun har bakin ƙofar mata, Rahma ta karanto tata daga ciki, suka sauko.

"Saura waliyyi," in ji ma'azun.

Na ciro waya na taɓa fuskarta. Agogo kawai. Ba saƙo.

"Bai shigo ba tukuna, ya shehi."

"Ba komai, wani lokaci yana ɗan jinkiri."

Muka jira. Na sake taɓawa, agogo. A nan ne ya kamata mai hankali ya buɗe wayar ya duba ciki. Amma na san abin da yake jirana a ciki. Wasan nan in ka rufe waya yana tsayawa ne, da ka buɗe sai ya ƙirga uku ya ci gaba, da kiɗansa da komai, kuma ban rage murya ba. Don haka na riƙe ta a rufe ina kallon agogo kamar mai jiran wahayi. Ɗan jirgin kuwa yana nan a ƙuryar sama, ƙarami, amma tsoro ya rufe min ido. Wallahi na manta da shi sam.

Ma'azun ya karanto lambar wayata, na ce ita ce. Ya sake turawa. Shiru. Ya tambaya ko na canja layi, na ce a'a. Wani ya ce in matsa kusa da taga, na tashi na je taga na ɗaga waya sama da alkyabba tana jan ƙasa. Wani ya ce lungun nan dama ba ya kama layi, wani ya ce ai nasu duk sun shigo a wannan ɗakin. Ma'azun ya duba agogonsa ya ce na'urar ba ta son a yi ta maimaitawa, in ya sake turawa sau ɗaya bai zo ba, sai dai a ɗaga zuwa wata rana a sake zama. (Har yau ban san ko haka dokar take ba ko tsorata ni yake yi. In tsoratarwa ce, ta yi aiki.)

A nan Ammi Haruna ya ajiye carbinsa.

"Ya jama'a, mu daina yaudarar kanmu," ya ce, da muryar da na tabbata ta kai sama. "Kowa nasa ya zo sai nasa? Wannan yaron tun farko ba ya so. Mun ji abin da ya faɗa, wai in bai ga dama ba ba wanda zai sa shi. To ga shi bai ga dama ba. Kai, in ba ka son ba mu, ka faɗa a gaban mutane, halas, shi ke nan, mu tashi. Ba sai ka tara mu ka wulaƙanta mu ba."

"Wallahi, Ammi, ba haka ba ne…"

"To mene ne? Esh fi?"

Na dubi Faisal, ya sunkuyar da kai yana murza yatsunsa. Kawu Sani ya fara ba da haƙuri, wani daga dangin ango ya miƙe yana gyara mayafin kansa kamar mai shirin tafiya. Sai na lura da abin da ya fi komai tayar min da hankali: guɗar sama ta tsaya. Ba kiɗa, ba hayaniyar mata, sai takun ƙafa da ake yi da sauri a kan bene. Magana ta kai musu.

Ammi Idris ya ɗaga hannu ɗaya, ƙaninsa ya yi shiru. Ya juyo gare ni ya miƙo tafin hannunsa.

"Ya waladi, ɗana, buɗe wayar ka ba ni."

Ina da zaɓi biyu, kuma na auna su a cikin daƙiƙa guda. Ko in ƙi, kowa ya tabbatar ina ɓoye wani abu, auren ƙanwata ya watse. Ko in buɗe. Na sa yatsa na buɗe, na ɗora masa a hannu, na rufe ido.

Uku. Biyu. Ɗaya.

Ganguna suka ɓarke a majalisar. Dodanni suna gurnani, kibau suna shuu-shuu, masu fuka-fuki suna ƙara irin ta 'yan tsaki. Ammi Idris ya nesanta wayar daga fuskarsa yadda tsofaffi suke yi, ya ƙura mata ido. Dattawa suka matso. Ba wanda ya taɓa komai, don haka a gaban ma'azun, da shaidu biyu, da surukan ƙanwata, masu sulke suka tattake kwanata, suka bi hanyar hagu da ban tsare ba, suka yi ta shigewa ƙofa. Zukata suna raguwa ana kallo. Sannan aka busa ƙahon nan, dogo, mai karkarwa a ƙarshe, birni ya rushe.

Ba wanda ya yi dariya. Da an yi dariya ma da na ji sauƙi.

"Wannan mene ne?" Ammi Idris ya tambaya, a hankali.

"Wasa ne, Ammi."

"Yaushe ka fara shi?"

"Ɗazu. Da ana jiran shehi."

Faisal ne ya leƙa ta kafaɗar babansa ya ce, "Abuya, duba sama. Jawwal ɗin, wayar tasa, a yanayin jirgi take." Ya sa yatsa ya kashe ɗan jirgin. Wayar ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta fara: ting, ting, ting. Lamba ta farko, lamba ta biyu, sanarwar kiran Ummi har sau huɗu. Na ƙarshe ya sauko ya tsaya a saman fuskar wayar, a hannun Ammi Idris, inda ni da shi muke iya gani. Daga Rahma ne. Ta rubuta: "Yaya don Allah. In wani laifi na yi maka ka faɗa min, kada ka yi min haka a gaban mutane."

Na ga idon dattijon ya bi layin har ƙarshe. Ya kife wayar, ya miƙo min, ya ce, "Karanta wa shehi lambarka."

Na karanta da wata murya da ban san tawa ba ce. Sai da na maimaita, don a karon farko na karanto tsohuwar lambar. Ma'azun ya danna, ya ce aure ya shiga, Allah ya sa albarka, ya tattara kayansa yana cije leɓe. Ammi Haruna ya ɗauki carbinsa ya ce, "La haula. Mu muna nan za mu yi yaƙi, ashe shi ya riga ya tafi nasa." A nan ne majalisa ta fashe. Har Kawu Sani, wanda ya kamata ya kare ni, sai da ya share hawaye. Na tsaya a tsakiyarsu ina murmushin dole, amma hankalina yana sama.

Bayan mun dawo daga sallar magariba na hau. Ummi ta tare ni a bakin ƙofa, ta dube ni daga sama har ƙasa, ta zare alkyabbar daga kafaɗata ta ninke ta a hannunta, ta matsa min hanya. Rahma tana ɗakinta, gwaggo tana sake zizara mata kwalli saboda na farko ya bi hawaye. Ta ce gwaggo ta ɗan ba mu wuri.

Na fara ba da haƙuri, ina haɗa Hausa da Larabci, ina bayanin talla da kira da Abakar. Ta bar ni na gama.

"Yaya, ba wasan ne ya dame ni ba," ta ce. "Da aka hawo aka ce ka ƙi ba da lamba, ka san me na yi? Ban ce ƙarya ne ba. Ko a zuciyata ban ce yayana ba zai yi haka ba. Nan take na yarda. Shi ya sa ni kuka."

Wannan ta fi ƙahon zafi. Na zauna a bakin gado, na faɗa mata abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: cewa wata ukun nan ba Faisal nake bincike ba, ban taɓa ganin aibinsa ba, tsoro nake ji kada in yi aikin Abuya in ɓata shi. Na ce mata ɗazu ma tsoron ne ya kai ni ƙarƙashin bene. Na zayyane mata komai, ni da nake ɗaure mata fuska tun rasuwar Abuya.

"To da ka faɗa mana," ta ce. "Ni ma tsoro nake ji. Ummi ma haka. Da mun ji shi tare." Ta ɗauki auduga ta dangwale gefen idonta a hankali don kada kwallin ya sake lalacewa. Sai ta ce, "Mataki na nawa ne ma?"

"Na shida."

"Cikin nawa?"

"Abakar ya ce sun kai ɗari."

"Na shida!" Ta dafa ƙirji. "Aurena a kan mataki na shida. Da na hamsin ne ma sai in ce an daraja ni. Tashi ka fita, ka ce gwaggo ta dawo."

Yau Rahma tana Shisha da 'yarta guda, kuma duk taron da za a yi a dangin nan biyu, da na shigo Ammi Haruna zai ɗaga murya ya tambaya ko jirgina ya sauka lafiya. Ina amsa masa da alhamdulillahi, don ba ni da bakin musu.

In ana neman darasi, ba zan ce a bar waya a gida ranar ɗaurin aure ba, tunda da na bar ta ma auren ba zai shiga rajista ba. Abin da na koya bai kai haka wayo ba. Idan tsoro ya kama ka, ka hau bene ka faɗa wa mutanen gidanku cewa tsoro kake ji. Abin kunya ne kaɗan, na yarda, amma mutum biyu ne kawai za su ji, kuma ba a busa ƙaho a ƙarshe.